Faifan da Ya Zo da Akwatin Hamad

Duk wanda ya aurar da 'ya a Jidda wajen shekarar 1965, in dai yana da ɗan abin hannu, to ya san Mastura. Ita ce shugabar mata masu kiɗan biki a unguwar Sabil, doguwar mace mai faɗin tafin hannu, jikar wani alhaji da ya tako daga Haɗeja da ƙafa, ya sauke farali, komawa ta gagara, ya zauna. Abin kiɗanta ɗar ne, wato bandirin nan mai fuska ɗaya da mata ke riƙewa a hannun hagu. Tun tana budurwa take kaɗa shi, kuma tana da abin alfahari guda da ba ta gajiya da faɗa: ko da wane yare aka yi waƙa, in ta ji tafiyar bugunta za ta gaya maka ta murna ce ko ta kuka. An gwada ta da waƙar Indiyawa, an gwada ta da ta mutanen Jawa, ba ta taɓa faɗuwa ba. Wannan gwaninta ce ta cuce ta, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ba cika baki take yi ba. Ta iya ɗin.

Ɗa ɗaya gare ta, Hamad. Ubansa ya rasu tun yana rarrafe. Ya tashi a tashar jiragen ruwa yana dakon buhu kamar sauran samarin Takari, ba shi da takardar ƙasar nan, ba shi da ta ƙasar kakansa da bai taɓa gani ba. Ana nan sai wani jirgin kaya na Italiya, mai zirga-zirga tsakanin ƙasarsu da Musawwa da Jidda, ya nemi mai taimako a ɗakin girki. Hamad ya shige ba tare da kowa ya tambaye shi takarda ba. Mastura ta yi faɗa, ta yi kuka, daga baya ta ɗaure masa dabino da busasshen nama. Jirgin ya dawo da shi, ya yi ƙiba, ya kawo mata bargo da turare. Ya sake tafiya. Da jirgin ya kuma dawowa, babu Hamad a ciki.

Ranar da hantsi Mastura na tsakar gida tana shanya fatun ɗar a rana, sai ga Usuman, abokin dakon Hamad, ya yi sallama. A bayansa wani gajeren Bature ne mai tumbi, ya jiƙe sharkaf da gumi, hula a hammata, hannu ɗaya da akwatin ƙarfe, ɗaya da garmaho mai aiki da lantarki.

"Khala Mastura," in ji Usuman, "wannan shi ne mai dafa abincin jirginsu Hamad. Tun safe yake yawo a tashar jirage yana kiran sunan Hamad. Wallahi ko kalmar Larabci ɗaya ba ya ji."

"To ina yaron?"

Usuman ya ɗaga kafaɗa. Baturen ya ajiye kayan ya fara magana da yarensu, doguwar magana, yana nuna yamma inda teku take, yana dafa ƙirji. Idanunsa sun yi ja, amma a zafin Jidda wane Bature ne idonsa bai yi ja ba? Sai ya ciro wani baƙin faifai daga jakar takarda, ya riƙe shi da hannu biyu kamar jariri, ya miƙa mata. Ya sunkuya zai sumbaci hannunta, ta janye da sauri. Daga tasha jirgi ya yi ƙara. Mutumin ya tsaya yana kallonta, bakinsa na motsi, sannan ya juya ya bi Usuman.

Zaituna, maƙwabciyarta kuma mai yi mata amshi a wurin biki, ita ta buɗe akwatin. Rigunan Hamad ne, da takalmansa, da carbinsa, da 'yar wuƙar da yake fere dankali da ita. Zaituna ta zauna daɓas a ƙasa.

"Inna lillahi. Mastura, kaya sun dawo babu mai su."

"Rufe min baki. Ba mu ji saƙon ba tukuna."

Aka kira mai kantin lungun, wanda daga shagonsa aka jawo musu wutar lantarki. Ya jujjuya garmahon, ya murɗa wani maɓalli a bayansa, ya jona. Aka rufe taga, don a lokacin ba a son a ji irin wannan abu daga titi. Allura ta sauka. Sai aka ji goge, ba ɗaya ba, kamar an tara masu gogen gari guda an ce su ja tare. Daga nan muryar mace ta shigo, siririya, can sama, irin ta yarinyar da ba ta daɗe da yin lalle ba. A ƙarshen kowace gaɓa muryar takan yi wata karkarwa mai sauri. Bugun yana tafiya uku-uku, yana rangaji.

Hannun Mastura ne ya fara amsawa kafin bakinta. Ya hau bugun cinyarta shi kaɗai. Da waƙar ta kai rabi sai ta yi wata ajiyar zuciya, ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Zaffa ce! Kiɗan rakiyar amarya ne. Ku saurari tafiyar mana, takun amarya ne sak. Kun ji inda take karkarwa? Guɗarsu ce."

"Muryar kiɗan akwai ɗan duhu a ciki," in ji Zaituna a hankali.

"Wace waƙar amarya ce ba ta da ɗan duhu? Ai rabuwa ake yi da uwa. Amma bugu ba ya ƙarya, Zaituna. Mai kuka ba ta da numfashin wannan saurin. Ki tambaye ni."

Daga nan ta ɗinke labarin gaba ɗaya, kuma wallahi ɗinkin ya yi kyau. Hamad bai iya rubutu ba, ita ba ta iya karatu ba, to da me zai aiko saƙo? Ya san sana'ar uwarsa, sai ya aiko mata da sabon kiɗa, jari ke nan. Ya sami aiki a can ƙasar Italiya ya zauna. Tsofaffin rigunan kuma me zai yi da su, shi da ya shiga kwat? Wane mahaukaci ne zai ɗauko kiɗan biki ya kawo wa uwa in rasuwa ya zo faɗa? Zaituna ta duba carbin da ke hannunta, ta duba fuskar Mastura, ta mayar da shi cikin akwati. Unguwa kuwa ta yarda, domin a kan kiɗa ba a yi wa Mastura musu.

Kafin wata ya zagayo ta ɗora wa kiɗan baituka, rabi Larabci rabi Hausa, ta koya wa matanta. A bikin farko da suka kaɗa shi mata suka miƙe tsaye. Sunansa ya zama waƙar Hamad. Daga Sabil ya shiga manyan gidajen cikin gari, har ta kai uwar amarya takan aiko tun da wuri ta ce in ba za a yi waƙar Hamad ba a faɗa mata ta nemi wasu. Amare da yawa da wannan kiɗan aka raka su. Kullum bayan la'asar kuma Mastura takan rufe taga ta sa faifan, ta zauna ita kaɗai tana murmushi, ta ce tana gaisawa da yaron.

Mastura tana da ƙane, Abdulghani, mutum mai sanyin hali, wanda tun suna yara in ta ɗaga gira sai ya nemi ƙofa. Direba ne a wurin wani injiniya ɗan Italiya da ke aikin faɗaɗa tashar jirage, yana zaune a wani gida a bakin teku a Abhur. Khawaja suke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane Bature. Dattijo ne mara yawan magana, da Larabcinsa irin na 'yan kwangila.

Wata rana suna komawa Abhur da yamma, Abdulghani ya manta da kansa ya hau yin waƙar Hamad da hanci, yana buga sitiyari da yatsu. Khawaja ya ɗago daga kujerar baya.

"Ina ka samo wannan?"

"Waƙar biki ce, ya Khawaja. Ta ƙasarku ce ma."

Khawaja ya yi dariya har ya ƙware. Da ya ga direban ba wasa yake ba, sai dariyar ta tsaya. Da suka isa gida ya ce ya biyo shi ciki, abin da bai taɓa yi ba. A lokacin wutar gari ba ta kai Abhur ba, kowane gida da injin wutarsa, wanda suke kira matur, yana gurnani a bayan gida. Khawaja ya laluba cikin faya-fayansa ya ciro ɗaya, tambarinsa iri ɗaya da na Mastura, ya ɗora.

Kiɗan ne, babu ko shakka. Amma ya zo a hankali, kamar wanda aka ɗora wa kaya. Gogen ya sauko ƙasa ya yi kauri. Muryar da ta shigo ba ta yarinya ba ce, ta babbar mace ce, wadda ta haihu ta shayar, tana fitowa daga ƙirji. Abin da Mastura ta kira guɗa kuwa, da ya zo a hankali, sai ga shi shessheƙa ce, ta wadda kuka ya ci ƙarfinta take ƙoƙarin haɗiye shi. Abdulghani bai san kiɗa ba, amma tsigar jikinsa ta tashi.

Khawaja ya yi masa bayani da guntun Larabcinsa. Wasan kwaikwayo ne da ake yi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, opera suke kiransa. A wannan wurin an kashe ɗan matar, an kawo mata gawarsa, tana zaune a kansa. Tsohuwar ɗauka ce, tun kafin yaƙi, mawaƙiyar ma ta daɗe da mutuwa. Mutanen ƙasarsu suna ji da wannan faifan ne saboda shugaban makaɗan ya ja waƙar a hankali fiye da yadda kowa ya taɓa ja, har ana cewa mai sauraro yakan manta ya yi numfashi.

"To me ya sa namu yake gudu?" in ji Abdulghani.

"Garmahon daga ina?"

"Daga jirginku."

"A cikin gari kuka jona?"

"Na'am."

Khawaja ya gyaɗa kai. Ya ce wutar Jidda ta fi ta ƙasarsu saurin bugu, tasu hamsin take yi, ta nan sittin. Garmahon da aka ƙera don wutarsu, in aka jona shi a cikin gari, sai ya riƙa juya faifai da sauri, murya ta hau sama, tafiya ta ƙaru. Nasa yana tafiya daidai ne don matur ɗin gidan daga Turai aka kawo shi. Sannan ya tambaya wa ya ba su faifan. Abdulghani ya ba shi labarin mai dafa abinci, da akwatin, da carbin. Khawaja ya ɗaga allurar ya kashe garmahon. Ya tambayi sunan jirgin kawai.

Bayan 'yan kwanaki, a tasha, Khawaja ya shiga ofishin wakilin jirage ya daɗe. Da ya fito bai shiga baya ba, ya buɗe gaba ya zauna kusa da direbansa. Tun daga nan Abdulghani ya sani.

Khawaja ya ce zazzaɓi ne ya kama Hamad bayan sun bar Musawwa, bai daɗe ba ya cika. Ba shi da takarda, ba sunansa a cikin ma'aikatan jirgin, babu tashar da za ta karɓi gawarsa. Kyaftin ya ce a sa shi a ruwa. Mai dafa abincin nan, wanda ya ɗauki yaron kamar ɗansa, shi ya ɗinke shi cikin tamfol da hannunsa. Babu Musulmi ko ɗaya a jirgin. Mutumin bai san addu'ar Musulmi ba, ya kuma ji tsoron in ya yi masa ta Kirista ya zalunce shi. Sai ya fito da garmahonsa saman jirgi ya sa faifan da Hamad yake so yana ji in yana fere dankali. Da wannan kiɗan aka sauke shi cikin teku. Shi ya sa ya kawo wa uwar faifan da garmahon, don ta sami abin da aka yi wa ɗanta, tunda ba shi da kabarin da zai nuna mata.

Abdulghani ya kifa kansa a sitiyari ya yi kuka, Khawaja na kallon gaba.

A ranar ya nufi Sabil da niyyar faɗa. Tun daga bakin lungu ya jiyo ɗar. Ya tarar da tsakar gida cike da mata suna gwajin waƙar Hamad, Mastura a tsakiya, fuskarta na sheƙi. Ta sa an yi wa ɗakin yaron sabon farin fenti. Tana ganinsa ta ɗaga hannu aka tsaya.

"Yawwa, Abdu. Ka tambayar min Khawajanka, wai da gaske ne sanyin ƙasarsu har ruwa yake daskarewa? In jirgin ya dawo ina so in aika masa da bargon nan, ni me zan yi da bargo a Jidda?"

"Insha Allah, Yaya," in ji shi.

Abin da ya faɗa ke nan. Ya sha shayi ya tafi. Ba zan wanke shi ba, ragwanci ne, amma duk wanda zai zage shi ya fara zuwa ya tsaya gaban wannan fuskar. Ya ce wa kansa bari bikin makon nan ya wuce. Ya wuce. Ya ce bari azumi ya wuce. Shi ma ya wuce. Ya je wurin liman ya ba da sadaka ya ce a yi wa wani bawan Allah da ya rasu a teku addu'a, bai faɗi suna ba. Ya daina cin abinci a gidan yayarsa, don bayan la'asar take sa faifan, shi kuwa yanzu ko a cikin gudun ma yana jin kukan. Ya rame. Mastura ta ce aure yake so.

Ana haka sai wani babban attajiri ya tashi aurar da 'yarsa, ya ce a gidansa na shaƙatawa a Abhur za a yi. Uwargidan ta aiko wa Mastura cewa ta ji labarin faifan, ba kwaikwayonsa kaɗai take so ba, ainihinsa take so a sa lokacin da amarya za ta fito, sannan mata su ɗauka da ɗar. Mastura ta ji daɗi ƙwarai. Ta aika Abdulghani ya aro motar ɗaukar kaya ta wurin aikinsu.

Da ya ji Abhur sai ya tsaya cak. Ya san gidan. Kamfanin da ya kafa matur ɗin Khawaja shi ya kafa nasu.

"Yaya, ki bar garmahon nan a gida. Wutar can ta matur ce, ba ta da kyau. Zai ƙone."

"Shi Khawajanka da me yake jin nasa? Da gawayi?"

"Nasa daban ne."

"Ai daga ƙasa ɗaya suka fito. Halas, magana ta ƙare, Abdu, na riga na amsa wa matar mutane."

"Hanyar akwai gargada. In faifan ya fashe fa?"

"A cinyata zai zauna. Kai dai direba ne, ka yi tuƙinka. Yalla."

Suka kama hanya bayan azahar, mata a baya da gangunansu, Mastura a gaba, faifan a naɗe cikin mayafi a kan cinyarta. Hanyar Abhur doguwa ce, rairayi a dama, teku a hagu. Sau da yawa Abdulghani ya buɗe baki. Duk sanda ya buɗe sai ya tarar tana magana. Tana lissafa abin da za ta dafa ranar da yaron zai dawo, tana cewa in ma Baturiya ya auro ba komai, za ta musuluntar da ita ta koya mata tuwo. Can ta nuna ruwan da haɓa.

"Ta nan jirginsu yake ɓullowa, ko?"

"Ta nan," in ji shi.

Gidan yana da wani faffaɗan dandali da ke fuskantar teku, nan aka jera kujeru aka shimfiɗa dardumai. Baƙi ba su fara zuwa ba, sai ma'aikata ke kai da kawowa. Matur na gurnani a baya, muryarsa iri ɗaya da ta gidan Khawaja. Aka yi la'asar. Mastura ta ce a gwada garmahon tun da rana, kada a ji kunya gaban mutane. Ta miƙa wa Abdulghani faifan ya ɗora. Ya riƙe shi, ya dubi daɓen siminti a ƙarƙashinsa. Sakin hannu kawai ake bukata. Amma da wannan faifan aka raka Hamad, hannun ya ƙi sakuwa. Ya ɗora, ya jona waya, ya sauke allura, ya ja da baya.

Mata suka ɗaga ɗar suna jiran wurin shiga. Mastura ta ɗaga nata, tafin hannunta a buɗe.

Goge ya shigo a hankali, can ƙasa. Zaituna ta buga bugun farko a inda ta saba, ya faɗi a wofi, ta tsaya.

"Wutar ce ba ta da ƙarfi," in ji ɗaya daga cikin matan. "Abdulghani ya faɗa."

Mastura ta kasa kunne. Ta karkata kai. Ta san kukan injin da wuta ta gaza masa, yakan yi sama ya yi ƙasa, yana layi. Wannan ba ya layi. Kowane bugu yana sauka a mazauninsa, gogen ya cika ya zauna daram, kamar rigar da aka daɗe ana sa wa wani yau ta dawo jikin mai ita. Sai muryar ta shigo. Mastura ta ji numfashin da matar ke ja kafin kowace gaɓa, wanda gudu ya ɓoye mata duk watannin nan. Ta ji duhun da Zaituna ta ambata tun ranar farko, ashe ba kaɗan ba ne, shi ne waƙar duka. Da aka iso wurin karkarwar, hannunta da ke sama ya sauko a hankali ya kwanta a kan fatar ɗar ba tare da ya yi ƙara ba.

Ba wanda ya fassara mata komai. Ba ta bukata. Ita ce fa Mastura.

Ta juyo ta dubi ƙanenta. Yana tsaye jikin ginshiƙi, hawaye na bin gemunsa.

"Wannan ce tafiyarta ta gaskiya?"

"Ita ce, Yaya."

"Uwa ce."

"Uwa ce. Ɗanta ne a gabanta."

Zaituna ta ajiye ɗar ta toshe baki da mayafi. Mastura ba ta tambaye shi tun yaushe ya sani ba, kuma wannan ya fi masa ciwo a kan a ce ta mare shi.

"A ina aka binne shi?"

Abdulghani ya dubi teku. Ya ɗaga hannu ya nuna gabansu. Rana ta yi ƙasa, ruwan ya yi lumui, babu ko jirgin kamun kifi a kai. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yi masa wanka?"

"Mai dafa abincin ne ya naɗe shi."

"Salla fa?"

"Babu Musulmi a jirgin, Yaya. Mutumin bai san yadda ake yi ba. Sai ya sa masa wannan."

"Wannan kaɗai?"

"Wannan kaɗai."

Ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, kalma bayan kalma. Sannan ta zauna a kan darduma, ba faɗuwa ta yi ba, zama ta yi, ta miƙe ƙafafu kamar mai zaman makoki. Matan suka zazzauna a bayanta. Duk cikinsu babu wadda ba ta yi guɗa a kan wannan waƙar ba, kuma kowacce ta san haka.

Wata mai aikin gidan ta fito da sauri tana yarfe hannu.

"Ya Ummu Hamad, uwargida ta ce wane irin kukan mutuwa ne wannan a gidan biki? Ta ce ku kashe, ku sa wadda aka ce."

"Ita ce wadda aka ce," in ji Mastura. "Ki ce mata saura kaɗan."

Abdulghani ya matso zai ɗaga allurar, don ya ga uwargidan ta leƙo ta taga. Mastura ta cafke wuyan hannunsa. Hannun mai kiɗa ne, ya ji riƙon har ƙashi.

"Bar shi, Abdu. Wata da watanni ina kora jana'izar ɗana da gudu, mata na guɗa a bayanta. Yau ɗaya bari ta tafi a hankali."

Ta sake shi. Ta jawo ɗar ta ɗora a cinya, ta saurara har ta kamo bugun, ta fara raka shi da yatsu biyu. Tsakanin bugu da bugu akwai nisa, irin nisan da hannunta bai saba da shi ba, sau biyu yana yin gaba tana dawo da shi. Haka ta bi matar har ƙarshen waƙar, fuskarta na kallon ruwa. Da muryar ta ɗauke, allura ta shiga tsakiyar faifai tana ƙarar yashi, babu wanda ya tashi ya ɗaga ta.